Sakamakon gwajin Inna ba nata ba ne

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi wa aikinka albarka. Mu nan da sauƙi. Maigidana bayansa ya daina ciwo, ƙaramar tawa tana haƙori ta hana kowa sakat, ni kuma ina nan ina fama da keken ɗinki. Na ɗauki waya in kira ka ya fi a ƙirga, sai in ajiye, don na san muryata ba za ta kai ƙarshen maganar ba. Shi ya sa na rubuto. Ka nemi wuri ka zauna tukuna.

Yaya, sakamakon gwajin Inna da muka yi ta murna a kansa ba nata ba ne. Ka tuna kullutun nan na gefen wuyanta, da aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, likita ya duba waya ya ce ba komai ba ne? To na wata mata ya karanta mana. Na Inna ya nuna ciwon daji ne.

Autanmu ne ya zo da maganar shekaranjiya da hantsi. Ka san asibitin nan yana aiki ne da manhajar da kamfaninsu ya gina, shi ma ya nace a kai Inna can, yana ta cika baki wai babu takarda mai ɓata, komai yana cikin waya. Ya shigo shagona ko sallamar kirki babu, ya zauna kan bencin masu jiran ɗinki, fuskar nan fayau. Na tsokane shi ko budurwa ce ta kore shi, bai ko murmusa ba. Da ya faɗa mini, almakashi ne a hannuna, ban san lokacin da ya faɗi ƙasa ba. Na ce ƙarya yake, ai da idona na ga sunan Inna a saman allon. Ya ce sunan nata ne, abin da ke ƙarƙashin sunan ne ba nata ba.

Sai ya fito da wayarsa ya nuna mini. Shafi biyu ne. Na farko sunayen marasa lafiya, na biyu sakamako. In likita ya taɓa suna, shafin farko zai miƙa wa na biyu sunan da lambar mutum, shi kuma ya je ya ɗauko sakamakon. Da can, wai in an juya wayar ko kira ya shigo, sai shafi na biyu ya goge komai, likitoci suka yi ta ƙorafi. Auta ne da kansa ya gyara, ya sa shafin ya riƙa riƙe abin da ya ɗauko don kada ya ɓata. Abin da bai sa ba shi ne ya zubar da na wani kafin ya karɓi sabo. In intanet na da ƙarfi, sabon yana zuwa nan take, ba wanda zai lura. Ranar da muka je kuwa intanet ɗin na jan ƙafa. Suna ya iso, sakamako bai iso ba, sai shafin ya bar na matar da ta fita kafin mu. Na Inna ya iso bayan mun tashi, ya zauna yana jira, ya faɗa kan baiwar Allahn da ta shiga bayanmu. Kamar in ɗinke wa mutum riga in sa a leda mai sunan wani, haka na fahimce shi.

Ita matar da ta shiga bayanmu an ce mata tana da daji, ta shafe watannin nan tana kuka, har aka fara shirin yi mata aiki. Mijinta ne ya ƙi yarda, ya kai ta wani asibitin, aka ce lafiyarta ƙalau. Da ƙorafi ya iso kamfaninsu, Auta aka ba ya bi sawu ya gano na wane ne sakamakon. Yana zaune a ofis cikin abokan aikinsa ya bi lambar, sai ga sunan uwarsa.

Ba zan ɓoye maka ba, na wanke shi tas. Na ce shi da iyayinsa, komai waya, komai waya, ga shi ya ɗauki ran Inna ya yi gwajin aikinsa da shi. Na faɗi abin da ya fi haka ma. Ya sunkuyar da kai ƙasa, hawaye na ɗiga kan wandonsa. Haushinsa nake ji har yanzu, tausayinsa kuma ya hana ni cin abinci.

Jiya muka je tare muka faɗa mata. Mun same ta a tsakar gida tana shanya, tana ba mu labarin maƙwabciya tana dariya. Ni na yi maganar. Ta saurara har ƙarshe, ta kai hannu ta shafa wuyanta. Abin da ta fara tambaya shi ne ko an sanar da waccan matar cewa ba ta da komai, kuma ko tana da ƙananan yara. Yaya, ni da na je rarrashi, ni aka rarrasa.

Yau da safe an sake duba ta. Likita ya ce abin ya ƙara girma a watannin da aka ɓata, za a yi aiki cikin gaggawa, amma ya ƙi yi mana alkawarin komai. Don Allah ka nemi izini a wurin aiki ka taho, kada ka ce sai hutu. Ni kaɗai ba zan iya riƙe su biyun ba.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan 'yan biyu da takwarar Inna. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka, maigidana ma haka. Inna ta san ina rubuto maka. Ta ce in gaishe ka, in kuma faɗa maka kada ka kuskura ka yi wa autanta faɗa. Ta ce in ka iso ka fara shiga ɗakinsa kafin nata, wai ita an san abin da ke damunta, shi kuwa ba mai duba shi.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka mai jiran zuwanka.