Bakwai Cikin Hamsin

Thamesmead, London
6 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayana Umar Faruq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Zubaida da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Maigidana Abdul-Nasir yana gaishe ka, aikin asibiti ya riƙe shi duk satin nan.

Da hannu na rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in turo maka, domin a waya ba ka barina in kai aya.

Ka san aikina, ko da yake kana ce wa mutane ni ce mai duban Turawa. Kamfaninmu da ke Aldwych yana sayar wa masu jiragen ruwa da 'yan inshora hasashen guguwar teku: inda za ta bi, ƙarfinta, da yawan ruwan da za ta zubar. To, wata ta tsallako Madagaska jiya, ta faɗa tekun da ke tsakaninta da Mozambik. Ruwan wurin yana da ɗumi, kuma da ɗumin ruwa guguwa ke ƙoshi. Yadda muke yi shi ne, kwamfuta ta gwada tafiyarta sau hamsin, kowane gwaji ya ja layinsa a taswira, mu kuma mu duba inda layukan suka fi taruwa. Yau talatin da ɗaya sun bi ta kusa da garin da ƙaninmu Zulkiflu yake kasuwancin duwatsunsa masu daraja a Mozambik, kuma gidansa a bakin kogi yake.

Na kira shi da safe ina cikin bus. Ya yi ta dariya. Ya tuna mini bara, da na sa ya kwashi matarsa Mariatu da jaririya a bayan gingimari, tafiyar awa tara zuwa Nampula, guguwar ta juya ta koma teku, suka dawo suka tarar an fasa shago. Tun daga nan ake kirana Malama Guguwa a group ɗin gida. Kai ma ka sa fuskar dariya, na gani.

Ban damu ba, a yi ta dariyar. Kai ne uba gare mu yanzu, kuma maganarka yake ji. Ka ce ya nemi mota ya hau tudu kafin Lahadi. 'Yarsu, takwarata, ba ta cika shekara biyu ba.

Ka gaishe da Inna, amma kada ka faɗa mata.

Ƙanwarka,
Karimatu

Thamesmead
16 ga Fabrairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Yaya ƙarfin jikin Inna? Anti Zubaida ta ce gida cike yake da masu ta'aziyya. Allah ya ba su lada, ya sa yarinyar nan ta zama mai ceto ga iyayenta.

Shekaranjiya ka tambaye ni abin da ya sa Zulkiflu ya sallami motar, bayan ka yi masa magana ya amince. Na ce layi ba ya da kyau, na kashe. Layi lafiyarsa ƙalau. Ni ce na sa ya sallame ta.

Ranar Juma'a hasashe ya sauya. Iska ta sama ta fara yanke wa guguwar kai, ƙarfinta ya ragu, layukan suka karkata kudu. Arba'in da uku suka nuna za ta shiga ƙasa nesa da su, ta wuce da sauri. Bakwai suka nuna wani abu daban: za ta shigo ta tsaya cak a kan duwatsun da koginsu ke gangarowa daga cikinsu, ta yi ta zubar da ruwa. Na ga bakwai ɗin nan, Yaya. Na zauna da su kusan awa guda. Har na shiga wurin Mordecai, shugaban sashenmu, na ce a ambace su a report. Ya yarda, muka sa su a shafi na biyu. Duk wani kamfanin inshora da ke birnin nan ya karanta cewa akwai yiwuwar ambaliya.

Bayan sallar Juma'a Zulkiflu ya kira. Ya ce direba na ƙofar gida, an ɗaure kaya, amma rana ta fito tarwai, maƙwabta na ta kallonsa. Ya ce: "Yaya Karima, ki faɗa mini magana ɗaya, ban son lissafinku. Mu tafi ko mu zauna?" A muryarsa na ji dariyar bara tana nan a shirye. Sai na ce su zauna, ta yi kudu.

Ban yi masa ƙarya ba, ta yi kudun. Iskar da ta iso garinsu ko kwanon rufi ba ta ɗaga ba. Amma ta tsaya a inda bakwai ɗin nan suka ce. Ruwan wata huɗu ya sauka cikin kwana uku. Ina zaune a ofis mai ɗumi, da kofin shayi a gabana, ina kallon hoton tauraron ɗan'adam yana sabuntawa, gajimaren bai gusa ba. Ranar Lahadi na kira shi sau goma sha tara don in ce su fita ko da ƙafa, waya ta riga ta ɗauke. Sauran ka ji daga bakinsa: rufin masallacin da suka hau, da kwalekwalen da ya kife, da yadda ruwa ya fizge yarinyar daga bayan uwarta.

Kowa na ce mini ƙaddara ce, na kuma yi imani da ita. Sai dai baƙi na ba su gaskiya duka, ɗan'uwana na ba shi rabi, don kada a sake yi mini dariya.

Idan ka ga ya dace Inna ta sani, ka karanta mata. Ni ba zan iya ba.

Karimatu

Thamesmead
9 ga Maris

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gida gaba ɗaya. Na gode da amsarka, duk da layi uku ce. Na ji ka ce ba ka karanta wa Inna ba. Shi ya sa kenan har yanzu take kirana tana ba ni haƙuri, tana cewa Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na koma aiki bayan sati biyu. Na tarar an yi bitar guguwar, an gano hasashenmu na inda za ta shiga ƙasa bai kauce da fiye da kilomita talatin ba, ya fi na duk abokan takararmu. Aka kawo cake. Mordecai ya karanta saƙon wani kamfani da ke gode mana saboda shafi na biyu, wai sun kwashe kayansu daga ɗakin ajiya a kan lokaci. Mutumin kirki ne, bai san komai ba, ce masa kawai na yi an yi mana rasuwa a gida. Ya miƙo mini yanki na farko. Na karɓa, na ce na gode.

Zulkiflu ba ya ɗaukar wayata. Saƙonnina suna shiga, ba ya buɗewa. Wata maƙwabciyarsu ce ta gaya wa Abdul-Nasir cewa suna cikin wata makarantar firamare tare da sauran waɗanda ruwa ya cinye wa gidaje, kuma Mariatu ba ta cika magana ba. Na nemo makarantar a taswira. A kwari take, tsakaninta da kogi bai kai tafiyar minti goma ba.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Wata guguwar ta sake tasowa. Ba ta kai waccan ƙarfi ba, kuma mai yiwuwa ta mutu a teku. Layi goma sha ɗaya cikin hamsin ne kawai suka nufi yankinsu, daga Alhamis zuwa Asabar. Amma ƙasar ta riga ta sha ta ƙoshi, kogi bai gama komawa ba, rabin wancan ruwan ma ya isa ya shiga makarantar nan. Zai iya yiwuwa su sha wahalar tafiya a banza, kamar bara. Duk da haka su tashi. Abdul-Nasir ya yi magana da wani direba a Nampula mai suna Masawudu, zai je ya ɗauke su ranar Laraba da safe, lambarsa na ƙasan takardar nan.

Ka kira shi yau, don Allah. Kada ka ambaci sunana, in ya ji daga ni ne ba zai motsa ba. Ka ce a rediyo ka ji.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Karimatu