Sun Rufe Fuskata, Sun Bar Hannuna

'Yata, ajiye duk abin da kike yi ki saurare ni yanzu-yanzu. Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara muku lafiya. Malamar da ke haya a ɗakin baya ce ke rubuta min, na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara.

Kin tuna masu ɗaukar fim ɗin nan da suka zo bara, suna tambayar kashe-kashen shekarar da na haife ki? Shugaban unguwa da kansa ya kai su bayan makaranta, yana dariya yana nuna inda suka jera mutane, har ya sa direbansa ya durƙusa kamar wanda za a kashe. Ba wanda ya taɓa shi, kujerar gaba ma ake ba shi a taro. Ni kuma yarinyar mai kyamara ta yi ta zarya har na yarda. Ta rantse za su rufe fuskata, su sauya muryata. Na amayar da abin da na haɗiye shekara talatin: shugaban unguwar ne ya jawo babanku daga ƙarƙashin gado.

Fuskar kam sun rufe. Amma kin san ni, ban iya magana ba sai da hannu. Suka bar hannun a fili, da karkataccen yatsan nan nawa. Ni ungozoma, rabin unguwar nan a hannun nan suka faɗo duniya! Wai sun nuna wa shugaban unguwar fim ɗin ne don su ji ta bakinsa. Jiya direban ya tare ni a famfo, ya ce maigidansa na gaishe ni, wai ashe yatsan bai miƙe ba har yau. Can na baro bokitin.

Ba ta kaina nake ba, na ci zamanina. Ta yayanki nake. Tun yana ƙarami na ce masa ban san wanda ya kashe babanku ba, ga shi yau shi ke gyara wa mutumin mota, yana ce masa Baba. Mako mai zuwa fim zai fito, kuma kin san zuciyarsa.

Ki gaida maigidanki, da takwarata, da Auta mai kukan banza. Ni ce uwarki.

Malama, ƙara wannan. 'Yata, ki buga waya ki faɗa musu, ni bakina ya kasa. Amma kar ki fara da yayanki. Matarsa za ki fara faɗa wa, ta ɓoye makullin gareji tukuna, kar ya ɗauko ƙarfe ya nufi mutumin.