Tabaryar da ke Tsakaninmu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara ta Guci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Yau gemuna ya yi fari fat, amma wallahi kaina a sunkuye nake wannan rubutu, kamar kina zaune bakin ɗaki kina jina.

Ni ne ɗanki na fari, don haka na girma ban san yadda sunana yake a bakinki ba. Ana yaye ni kika miƙa ni ga kaka. In na shigo gaishe ki, sai ki mai da fuska ga murhu, ki ce wa ƙanwata Ladi, “Ba wancan ruwa.” Wancan ɗin nan shi ne sunana har na yi aure. Ni ma ban taɓa kallon tsabar idonki ba. Haka muka gada, kuma duk gari ana yaba kunyarki.

Sai shekarar da kumandan, Baturen mulkin yankinmu, ya matsa wa kowa da noman gyaɗa. Ina Magarya ina dakon buhuna a kanti aka zo aka ce kin faɗi a bakin turmi. Na tarar ɓarin jikinki na dama ya shanye, baki ya karkace, magana da ƙyar take fita. Wasu suka ce gamo kika yi da iska. Aka yi hayaƙi, wanzami ya yi ƙaho, malam ya ba da rubutu. Da shiru ta yi yawa, na roƙi direban kamyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ya kai mu gidan likita.

Likitan, wani ɗan Dahome mai karyayyar Hausa, bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ce ba shi da allurar da ke ta da matacciyar ƙafa. Maganin shi ne a riƙa murza hannu da ƙafa da man shanu, a sa ki magana, kuma kullum a tsayar da ke ki taka. In aka bar ki kwance har damina, to kin kwanta ke nan.

Wa zai riƙe ki? Baba ya rasu, Ladi na da tsohon ciki, ƙannena Sani da Mamman sun tsallaka iyaka zuwa Ingila, ɓangaren da Turawan Ingilishi ke mulki, gudun aikin tilas. Saura wancan.

Ranar da na fara kai hannu zan ɗaga ki, kika ture ni da hannun da ke aiki, kika ja zane kika rufe fuska. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma zaure ina gumi. Muka yi kwanaki a haka, ke kina kallon bango, ni ina kame-kame, ƙafa tana ƙara sandarewa. Kunya ta kusa gurgunta ki fiye da ciwon, Inna, kuma rabin kunyar tawa ce.

Ladi ce ta kawo dabarar tabaryarki. Ita da maƙwabciya su tayar da ke, ki rungume kan tabarya da hannun hagu, ni in ba ki baya in riƙe ɗaya kan. Ba na ganin ki, ba kya ganin fuskata. Muka riƙa ja kamar makaho da ɗan jagora, daga ɗaki zuwa rumbu, yara na leƙe ta darni suna ƙunshe dariya.

Da la'asar Ladi ta zuba miki gyaɗa a faifai ki ɓare da hannun da ya shanye, tana sa ki kiran sunayen ’ya’yanki don harshe ya warware. Ina jin ki daga zaure: Sani, Ladi, Mamman. Kullum daga na biyu kike farawa. Ciwo ya ci rabin jiki, amma wannan kunyar kam ta fi ƙarfinsa.

Wata ranar kasuwa, Ladi ta leƙa maƙwabta, na ce bari mu ɗan wuce rumbu. Sai na ji tabarya ta yi sakayau a hannuna. Kafin in juya na ji muryarki tar, babu gargada: “Habu!”

Na yar da tabarya na sunkuce ki. Ba ki da inda za ki ɓoye fuska sai kafaɗata, nan kika ɓoye ta har ɗaki. Na kwantar da ke na fice, ban amsa kiran ba.

Kin taka da ƙafarki, Inna. Da sanda dai, amma har rijiya kin je kafin damina. Maƙwabciya ta ji kiran nan ta kai wa Ladi, Ladi ta tsokane ki, kika ɗaure fuska kika ce, “Ciwo ne ya faɗa, ba ni ba.” Har kika bar duniya ba ki sake ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara, Ya tashe ki da ƙafafu biyu masu ƙarfi, Ya haɗa mu a Aljanna inda zan iya ɗaga kai in dube ki.

Sau ɗaya kika kira, kunya ta hana ni amsawa. Na'am, Inna.

Ɗanki na fari,
Habu