Ranar da Mama Albarka Ta Buga Tambari

Tsafe, Litinin

Inna Hajiya Fatimatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya mutanen Gusau? Tunda an kashe sabis ɗin waya, sai na ba direba wannan takarda.

Inna, mun yi abin kunya. Surukata Mama Albarka ta zo daga Kafanchan, ta nace sai ta ga gidan sarki. Ɗanki Ɗayyabu, da yake yana aiki a fadar Bungudu, ya nemo mana izini. Ya zagaya da mu, muka ga soraye, muka ga ɗawisu, muka cire takalma inda ake cirewa. Sai muka iso ɗakin tambura. Mama kuwa ita ce mai ganga a zumuntar matan cocinsu shekara da shekaru. Kafin in juya ta ɗauki makaɗi, sai dum, dum, dum!

Dogarai suka fito a guje. Mutane suka cika ƙofar fada, wasu har da salati, a zatonsu an yi babban rashi. Ashe ba a buga tambari haka kawai! Aka fito da mu, aka shiga ciki da Ɗayyabu. Idan aka kore shi daga aiki saboda mu, da wane ido zan dube ki?

Ki yafe mana.
'Yarki, Lidiya

Tsafe, Juma'a

Inna,

Ina gaisuwa. Shirunki ya hana ni sukuni. Mama ta daina cin abinci, ko coci ta ce ba za ta je ba. Wai ta tsufa ta ci amanar yaron da ya karrama ta. Ko faɗa ne ki yi mana, mun cancanta.

Lidiya

Gusau, Lahadi

Ɗiyata Lidiya,

Ina amsawa, ina gaida Victor maigidanki da baƙuwarmu.

Ba fushi na yi ba, ni ma jira nake in ji daga bakin Ɗayyabu. Sai jiya ɗan nema ya zo gida, yana tafe yana dariya, na ce, "Kai, uban me ya faru?" Ya ce manyan fada sun zaunar da shi a ƙasa sun wanke shi tas, don laifinsa ne da bai gargaɗe ku ba. Ana cikin haka sai dattijon da ke kula da tamburan ya ce, "Ku bar yaron nan. Baƙuwa ce, ba ta sani ba. Ni abin da ya fi ba ni haushi, tsohuwar ta fi 'ya'yana iya kiɗa." Dariya ta ɓarke, magana ta mutu.

Aikinsa na nan, alhamdulillahi. Ke kuma, shekara nawa muka yi muna maƙwabtaka a nan Gusau, har kike tunanin ganga za ta raba mu? Ki ce wa Mama ta ci abinci. Ɗayyabu ya ce idan ta sake zuwa zai kai ta yawo, amma shi zai riƙe mata hannuwa biyu.

Allah Ya bar zumunci.
Innarki, Fatimatu

Tsafe, Talata

Inna,

Na gode, Allah Ya saka. Na karanta wa Mama. Ta yi kuka, ta durƙusa ta yi wa Ɗayyabu addu'a, sannan ta cinye tuwo malmala uku. Yanzu haka tana tambayata ko dattijon da gaske yake.

'Yarki, Lidiya