Katin Waifai na Kwamfutocinmu Goma Sha Ɗaya

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Na ga sanarwa a zauren wasiƙu na masu kula da Linux, tsarin da kwamfutocinmu ke aiki da shi. Suna gyara rumbun direbobin waifai, wato 'yan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane katinta na shiga intanet. Tsofaffin da ba mai kula da su za a cire. Namu na ciki. Kwamfutoci goma sha ɗaya na ɗakin da nake koyarwa a Boɗinga duk wannan katin gare su. In aka cire, da mun sabunta tsarin, 'yan aji shida ba su da wurin gwajin jarabawar kwamfuta.

Talata, 8 ga Oktoba
Yaya Auwal, a rumfarsa ta gyaran waya a Shagari: "Safinatu, mi ya kai ki? Ki bar sabuntawa, shi ke nan." Shafin jarabawar ba ya buɗewa a tsohon tsari. Na faɗa masa sau uku.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na rubuta wa masu kula da Linux. Gaisuwa layi biyar, har iyalansu na tambaya. Amsa daga wani dattijo da ya rubuta direban tun ina firamare: "Kina da katin a hannu? Gwada wannan gyaran." Ko sannu. Na ji haushi, amma na gwada.

Talata, 15 ga Oktoba
Duk da gyaran, waifai ta ɗauke. Uku sun ƙi haɗuwa sam.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Kwana tara ina aika masa abin da kwamfuta ke rubutawa in ta yanke. Ashe sai rana ta take suke yankewa, in katin ya ɗau zafi. Shi garinsu bai taɓa ganin haka ba. Na ɗora ɗaya kan jiƙaƙƙen buhu, ta yi awa biyu lafiya. Sumayya ta aji shida ta ce, "Malama, yanzu har kwamhuta anka koma yi ma jiƙo?" Na nemo layin da ke kashe katin a cikin direban, na sa ya jira ya sake gwadawa. Na aika musu gyaran.

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Sun karɓa! Amma dattijon ya ce nasa katin ya mutu shekara shida da suka wuce, idonsa ma ya yi rauni. Direban zai zauna in akwai wanda zai sa sunansa a matsayin mai kula da shi. Na ce a'a. Ni malamar makaranta ce, gwaji kawai nake yi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Yara sun yi gwaji jiya, a duk kwamfutocin goma sha ɗaya, ba wadda ta yanke.

Wata mata daga wata ƙasa ta rubuto a zauren, katinta na yankewa. Dattijon bai amsa ba, kwana huɗu. Na amsa mata. A ƙasa na rubuta, "Nan gaba ki aiko mini kai tsaye."

Ban goge ba, haka na aika.