Amsar da na ba Kawu

Daren Laraba, unguwar Goudji

Wai wa ya kafa dokar cewa in an tambaye ka gajiya, dole ka ce babu?

Tun da ruwa ya ci gindin bangon ɗakin Inna ban yi barcin kirki ba. Da asuba kwasar ruwa, da safe shagon Kawu a unguwar Mardjandafak, in yini ina ɗaga bandir ɗin atamfa, da magariba in kai Inna allura. Sati uku ke nan.

A tsohon littafin da nake koyon Ingilishi da shi na tsinci "no respite". Ƙamus ya ce wahala ce da ba ta barin mutum ya numfasa. Na riƙe kalmar, tunda a garin nan Larabci da Faransanci ake ji. Sai in faɗi gaskiyata, ba mai cewa na yi wa Allah butulci.

Yau a gaban abokansa Kawu ya ce, "Sani, ya gajiya?" Bakina ya riga ni: "No respite, Kawu."

Na manta ya shekara goma yana fatauci a Legas. Ya ce, "Ɗan nan, ƙarata kake kaiwa da Turanci? Kalas, shi ke nan, gobe ka yi sammako, akwai kaya." Suka kwashe da dariya.

Yini ɗaya kawai nake so in tokare bangon nan. Gobe da Hausa zan tambaye shi, a gaban mutanen nan, kuma a gabansu zai amsa: atamfa ko ran Inna, ƙanwarsa?