Mace ta Uku Daga Hagu

Fatakwal,
12 ga watan Safar.

Zuwa ga Yayata, Hajiya Sa'adiya, a Ƙanƙara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar girmamawa daga ƙanenki Mas'udu, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da iyalinki duka. Ya ƙarfin jiki, ya idanun? 'Yarki Hafiza ta gaya mani yanar ta kusa rufe na dama. Allah ya kawo sauƙi, ya sa kaffara ce. Ya kuma zaman baƙunta? Na san wadda ta tsufa a Daudawa ba za ta ji daɗin ɗakin haya ba, amma dai kuna kwana ba fargaba. Allah ya kawo mana ƙarshen masifar dajin nan, ya mai da kowa gidansa. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da ciwon gwiwa. Shagon gyaran rediyo yana nan, ni da gizo-gizo muke zamansa. Na zaɓi in rubuto in ba direban motar albasa, domin a waya ba na gama magana layi ke yankewa.

Yaya, wata magana ce ta hana ni sukuni. Sati uku ke nan Shamsu ɗan Yaya Audi ya turo wani tsohon hoton bidiyo a zauren danginmu na waya. Ya ce ya tsince shi cikin shirye-shiryen talabijin na da. Baƙi da fari ne, bai wuce minti huɗu ba. Mata ne a tsakar wani gida suna kiɗan ƙwarya, an rubuta Daudawa, 1979, a ƙasa. Ina ganin mace ta uku daga hagu sai na matso da wayar kusa da ido. Ta karkata ɗankwali gefe guda, tana ɗaga haɓa in za ta ɗauki amshi. Na rantse da Allah na ga Inna. Da na sake kallo kuma sai na ga kamar ba ita ba. Zuwa yau na kalla ya fi sau ɗari, kuma ban fi ranar farko sani ba.

Kin san ba mu da hotonta ko ɗaya. Ina shekara goma sha shida ta rasu, kuma abin da ban taɓa gaya ma kowa ba shi ne fuskarta ta ɓace mani tun da daɗewa. Ni da nake iya lissafa maki mutanen wasan kwaikwayon da muke kallo a gidan kallon gwamnati, har da irin hular kowa. Ina tuna akwatin ƙarfen da ake kulle talabijin ɗin a ciki, da dogon ƙarfen eriya da sai an juya shi hoto ke tsayawa, da yadda tsofaffi ke amsa sallamar mai karanta labarai. Ina tuna motar majigi a bangon firamare, da ranar da na bi motar auduga zuwa Funtuwa don in ga fim ɗin Indiya, na dawo ina rera waƙar da ban san ma'anarta ba, Baba ya zane ni, ke kina ɓoye dariya a bayan rumbu. Kiɗan lokacin ma daban ne. Mawaƙi ɗaya da 'yan amshinsa za su cika kaset gaba da baya, ba inji, ba gaggawa, kuma in batir ya yi sanyi muryar ta ja, mu shanya batir a rana mu ci gaba. Duk wannan yana kaina daram. Fuskar uwar da ta haife ni ce kawai babu. Wane irin kai ne wannan, Yaya?

Da na rubuta a zauren cewa ina jin Inna ce, Yaya Audi ya kira ni da kansa, abin da bai yi ba tun rasuwar matata. Ya ce in ji tsoron Allah, uwarmu matar kulle ce, ba ta taɓa zama gaban maza baƙi tana kiɗa ba, kuma jingina mata wannan cin mutuncin mamaci ne. Ya sa Shamsu ya cire shi, ya ce ni ma in goge nawa. Raina ya ɓaci, don kullum sai an gama yanke magana ake tunawa da ni, kamar yadda aka bar gidanmu da akwatin Inna a ciki sai a bakin direbobi na ji. Amma ba zan zalunce shi ba. Shi ya shiga kabarinta ya karɓe ta, ni ina tsaye ina kuka. Kishinta yake yi, kuma wataƙila shi ke da gaskiya.

Sai dai ni na san Inna tana waƙa. In tana niƙa har maƙwabta na yin shiru. Kuma ina tuna wata rana da aka ce mutanen talabijin sun zo daga Kaduna, aka hana mu shiga wani gidan biki, Baba kuwa ya tafi kasuwar Sheme. Ko a shekarar ne, ko wata, ban sani ba. Matar da ke hoton da hagu take riƙe da tsinken kiɗa, ni kuma ina jin da hagu Inna ke ja mani kunne. Yaya Audi ya ce sam ba bahaguwa ba ce. Wani maƙwabcina mai gyaran waya kuma ya ce in an yi ta kwafar tsohon hoto yakan juye, dama ta koma hagu. To ko da wanne zan kama? Har tsagar fuskarta na nema, na ƙara girman hoton, sai ya watse ya zama ɗigo-ɗigo.

Ke kaɗai kika rage da za ki raba mu. Kin girme mu, ke kike ɗaura mata ɗankwali in hannunta na ciwo, ke kike tafiya da ita gidan biki. Na san idonki ba zai gani ba, don haka ban ce ki duba ba. Na tura wa Hafiza a wayarta. Ta kai ki ɗaka, ta kara maki a kunne. Wajen minti na biyu sauran matan suna yin ƙasa da murya, ita kaɗai ta ja baiti ɗaya. Nan nake so ki saurara. Na yi wa Yaya Audi alkawarin duk abin da kika ce shi ke nan. In kin ce ba ita ba ce, zan goge, ba zan sake tayar da maganar ba. In kin ce ita ce, zan ajiye abina ni kaɗai, ba zan kai zaure ba. Don Allah kada ki duba tausayina, kada kuma ki duba girman Yaya Audi. Na gaji da a lallashe ni.

Abu ɗaya nake roƙo in ba ita ba ce. Kafin in goge, ki sa a kunna wa tsofaffin matan Daudawa da ke gudun hijira tare da ku. Wata za ta gane ta, kuma wataƙila 'ya'yanta su ma ba su da hotonta.

Ki gaishe mani da Alhaji Gide, da Hafiza da maigidanta, da Khadijatu da Zulfa, da duk mutanen garinmu da ke nan. In Yaya Audi ya leƙo daga Sabuwa ki ce ina gaishe shi, kuma ban riƙe shi ba. Kafin amsarki ta iso, kowace safiya in na idar da salla ina buɗe hoton in yi wa matar addu'a da sunan Inna. In ita ce, ta samu. In ba ita ba ce, uwar wani ce, ban yi asara ba.

Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Mas'udu.